Tara tsofaffin kwabbai iri-iri da ɗan kuɗi kaɗan: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa a bakin masu sha'awar tara tsofaffin kuɗin ƙarfe, musamman waɗanda suka tsinci 'yan kwabbai a akwatin kaka ko cikin kwallar tsohuwa suka rasa ta inda za su fara. Misalan duk daga kuɗinmu na Najeriya ne da sefar Nijar, don su ne a kusa da mu kuma su ne aljihun talaka zai iya ɗauka.

Wai mene ne tarin iri-iri ɗin nan da ake ta faɗa?

Shi ne ka nemi ƙwaya ɗaya tak daga kowane samfuri na kuɗin da aka taɓa bugawa, shikenan. Misali sulen Najeriya mai ganyen kwakwa an buga shi a 1959 da 1961 da 1962, to mai bin shekara-shekara sai ya nemo duka ukun, kai kuma guda ɗaya ya ishe ka tunda zanen ɗaya ne, girman ɗaya ne, ƙarfen ma ɗaya ne. Nan ne sauƙin yake, domin kusan kowane samfuri yana da shekarar da aka buga shi da yawa har ya zama araha da kuma shekarar da ya yi ƙaranci ya yi tsada, kai kuwa mai arahar za ka ɗauka ka wuce abinka.

Ni sabon shiga ne kuma ba ni da wani kuɗi, da wanne zan fara?

Fara da Najeriya daga 1959 zuwa yau, guda 19 ne kacal in ba ka shiga ƙananan bambance-bambance ba. Amma kafin ka sayi ko ƙwaya ɗaya ɗauki biro da takarda ka rubuta iyakar tarinka, ka ce daga shekara kaza zuwa kaza, kuɗin da aka kashe a kasuwa kawai banda na tunawa da bukukuwa, sannan ka jera sunayensu ka bar gurbi a gaban kowanne. Wallahi takardar nan ita ce take tsare aljihu fiye da komai, don wanda bai ja layi ba duk abin da ya gani mai sheƙi sai ya saya, yau na Saudiyya gobe na Ingila jibi na Gana, shekara ta zagayo ya tara gwangwani guda babu saiti ko ɗaya da ya cika.

To waɗanne ne guda 19 ɗin?

Kashi huɗu ne. Na farko na 1959, shekarar da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, su shida ne: ɗari wato rabin kwabo da kwabo masu huda a tsakiya da tauraro mai tsini shida, taro mai kusurwa 12 da hoton auduga, sisi mai koko, sule mai ganyen kwakwa, sai dala wato sule biyu mai gyaɗa. Huɗun da ba su da huda akwai kan Sarauniya Elizabeth a ɗaya gefen. Na biyu na 1973 ne lokacin da aka bar fam aka koma naira ranar 1 ga Janairu, fam ɗaya ya zama naira 2, su biyar ne: rabin kwabo mai auduga, kwabo 1 mai hasumiyar haƙar mai, kwabo 5 mai koko, kwabo 10 mai bishiyar kwakwa, da kwabo 25 mai dalar gyaɗa.

Wannan na kwabo 25 ɗin ni dai shi na fi so a duk saitin, ka sa shi a tafin hannu ka karkata shi wajen haske za ka ga buhunan an jera su hawa-hawa kamar yadda ake tara su a Kano zamanin su Alhassan Ɗantata, ga ƙwayoyin gyaɗa a gefe. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin dalar gyaɗa ba sai a hoto, to ga ta nan a ƙarfe. In ka duba saitin gaba ɗaya ma za ka ga abin da ƙasar take taƙama da shi ne aka zana, auduga da gyaɗa na arewa, koko na yamma, kwakwa ta gabas, sai a 1973 man fetur ya shigo ya samu gurbinsa.

Na uku na 1991 ne, shi ma biyar: kwabo 1, 10, 25, sai kwabo 50 mai masara da naira 1 mai hoton Herbert Macaulay, waɗannan biyun a da takarda ne aka mayar da su ƙarfe. Na huɗu su uku ne da aka fitar ranar 28 ga Fabrairun 2007 zamanin Charles Soludo amma 2006 ce a rubuce a jikinsu: kwabo 50, naira 1, da naira 2 mai hoton ginin Majalisar Tarayya, biyun ƙarshen ƙarfe kala biyu ne, tsakiya daban zobe daban.

In shekara ta bambanta ko rubutu ya ɗan canza, ya zama wani iri ke nan?

Shekara kaɗai ba ta mayar da shi wani iri. Abin da masu tarawa suka saba ɗauka sabon iri shi ne in zane ya canza, ko ƙarfe, ko girma, ko kalmomin da ke jiki. Misali na 1973 taken da ke ƙarƙashin tambarin ƙasa gajere ne, haɗin kai da imani kawai, a 1978 aka ƙara zaman lafiya da ci gaba a taken, to kwabo 1 da 5 da 10 na ƙarshen shekarun 1980 da dogon taken suka fito. In ka ga dama ka ƙirga su saitinka ya koma 22, in ba ka so ka bar su, tarinka ne, kawai dai ka yanke tun farko ka rubuta a takardar da aka yi maganarta a tambaya ta biyu.

Akwai kuma 'yan ƙananan haruffa da za ka gani a jikin kuɗin Turawa, H ko KN ko SA, alamar gidan da ya buga ne, biyun farko a Birmingham ta Ingila na ƙarshen a Pretoria. Mai tarin iri-iri ba ruwansa da su, su ne suke cinye kuɗin masu bin shekara.

Ina da kwabo mai huda amma ba na 1959 ba, akwai rubutun Larabci a jiki, na ina ne?

Na Afirka ta Yamma ta Ingila ne, kuɗin da Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya suka yi tarayya a kai kafin kowa ya buga nasa. An fara su a 1907 da kwabo da anini, kwabo ɗaya anini goma, kuma aninin an yi shi ne don ya maye gurbin wuri, kuɗin kakanninmu na da, a ƙananan saye-saye shi ya sa ya fi yawo a arewa. Na farkon nan har sunan Najeriya akwai a jikinsu, daga 1912 aka cire, shekarar da aka kafa hukumar kuɗi ta yankin. Aninin 1907 na alminiyam ne, yana cikin kuɗaɗen alminiyam na farko-farko a duniya, sai dai bai jure ba yana cin kansa, a 1908 aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel. Daga 1952 kuma ƙananan suka koma tagulla, shi ya sa za ka ga wani kwabon fari wani ja.

In kana son saiti mai daɗi mai araha a nan, nemi kwabo ɗaya-ɗaya na sarakuna biyar: Edward na 7, George na 5, Edward na 8, George na 6, da Elizabeth ta 2. Saboda hudar babu hoton kowa, suna ne kawai da kambi. Na Edward na 8 ɗin shi ne abin nunawa, mutumin bai cika shekara a sarauta ba ya sauka a Disambar 1936, a Ingila kanta ba a fitar da kuɗi da sunansa ya shiga kasuwa ba, amma mu nan an bugo mana anini da ɗari da kwabo da sunansa masu ɗimbin yawa, don haka har yau ba tsada gare su ba. Kar wani ya ce maka ai na sarkin da ya yi murabus ne ya tsuga maka kuɗi.

Gaskiya ne tsofaffin sulalla azurfa ne?

Wasu ne kawai. Taro da sisi da sule da dala da aka fara bugawa a 1913 azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1000, a 1920 aka rage ta zuwa rabi, a shekarar kuma aka fara yin su da tagulla saboda azurfa ta yi tsada bayan yaƙin duniya na farko. To duk sule mai bishiyar kwakwa da ka gani ruwan ɗorawa ba azurfa ba ne ko da mai shago ya rantse, na 1959 ma fari ne amma babu azurfa ko ɗigo a ciki. Na azurfar sun yi ƙaranci a hannun mutane don maƙera sun narkar da da yawa sun yi zobba da warwaro da 'yan kunne.

Shawarata ka bar su sai ƙarshe, in ka zo kansu ka fara da sule guda ɗaya. Nauyinsa giram 5.66 ne, dala 11.31, sisi 2.83, ka riƙe lambobin nan za su yi maka amfani a tambayar jabu da ke ƙasa.

A ina ake samunsu?

Gida tukuna. Tambayi kaka da gwaggo da baba, a duba tsohon adaka da ƙasan kwalla da aljihun tsohuwar jakar Makka, kuma ka gaya musu me za ka yi da su, in sun ba ka ka ɗan yi musu alheri. Da yawa daga na 1973 da 1991 a nan za ka same su kyauta. Bayan gida sai tsofaffin masu kanti da masu tireda na unguwa, akwai wanda har yanzu gwangwanin canjinsa na da yana nan bai zubar ba.

In ka fita kasuwa, 'yan koli da masu kayan tarihi irin na Kasuwar Kurmi a Kano suna da su, sai dai su sun saba da baƙi masu yawon buɗe ido don haka farashin farko da za a gaya maka sama yake, ka zauna ku yi ciniki a tsanake. 'Yan gwangwan da maƙeran farin ƙarfe su ma suna samu, su a kilo suke kallon abin, in ka saba da ɗaya ka bar masa sallahu ya ajiye maka duk kwabon da ya shigo kafin a narkar. A intanet kuwa irin su eBay kuɗin aike kan fi kuɗin kwabon, to in dole ne ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi tuli guda ku raba, ko ka jira wani ɗan'uwa da zai dawo daga waje.

Nawa ya kamata in riƙa kashewa, kuma ya zan san ba a cuce ni a farashi ba?

Ware abin da in ya tafi ba zai taɓa cefane ba, ko da kwatankwacin kuɗin data na sati ne a wata, in wata ya wuce ba ka ga abin saye ba ka tara shi kan na gaba, haka za ka samu na sayen azurfa ba tare da ka ji a jikinka ba. Kar ka ci bashi a kan kwabo, kar kuma ka taɓa kuɗin adashi.

Farashi kuwa shiga Numista, shafin intanet ne na masu tara kuɗi, kyauta ne, ka rubuta ƙasa da shekara za ka ga hoto da nauyi da faɗi da adadin da aka buga, in ka ga an buga miliyoyi to ka san ba abin da za a tsorata ka da shi ba ne. A eBay kuma kar ka kalli abin da mai kaya ya sa, kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama, ka duba wanda aka riga aka sayar nawa aka saya. Sayen tuli ya fi sayen ɗai-ɗai araha nesa ba kusa ba, ragowar kuma ga amfaninsu a tambaya ta ƙarshe.

In sayi wanda ya goge mai araha ko in jira mai kyau?

Ya danganta da irin. Na 1991 da 2006 tunda mutane ba su wani kashe su sosai ba ana samun masu sheƙi kamar yau aka buga, to kar ka karɓi mai tsatsa. Na 1959 da 1973 nemi wanda zanen ya fito sarai, ana karanta kowane harafi, buhunan gyaɗa ana ganin layinsu, gashin sarauniya bai shafe ba. Na Turawa na farko-farko kuwa in shekara da sunan sarki suna karantuwa ka ɗauka ka cike gurbi, ka canza shi in Allah ya kawo wanda ya fi shi.

Abin da zan ce ka guda ko da araha shi ne wanda aka huda da ƙusa don a rataya, da wanda aka liƙa wa marataya aka cire, da lanƙwasasshe, da wanda aka goge da yashi. Kwabbai masu huda da yawa kafintoci sun yi wosha da su wajen buga kwano, za ka gan su a lotse da zagayen kan ƙusa, waɗannan sun tashi daga aiki. In kana duba tallan waje za ka ga haruffa irin F da VF da XF da UNC, matakan kyau ne daga wanda ya sha hannu zuwa wanda bai taɓa shiga kasuwa ba, mai ƙaramin ƙarfi VF ya ishe shi.

Sun yi baƙi, in wanke su da lemon tsami ko toka?

Don Allah kar ka yi. Lemon tsami da tsamiya da toka da omo da man goge baki da soson ƙarfe duk suna cinye fatar kwabon ne, zai yi haske na kwana biyu sannan ya koma wani irin ja mara kyau, ga ƙananan karce ko'ina, kuma duk wanda ya san harkar kallo ɗaya zai yi ya gane an wanke ya rage kuɗin ko ya ƙi saye gaba ɗaya. Duhun nan da kake gani a jikin tagulla da azurfa shekaru ne suka yi shi, masu tarawa suna son sa.

In ƙasa ce ko maiƙo ya daskare, jiƙa shi a ruwa mai tsabta, in da hali ruwan batir wanda ba a sa masa asid ba, ya kwana, ka ɗauraye ka ɗora a kan tsumma mai laushi ka dan-danna har ya bushe, banda gogawa. In ka ga kore-kore mai gari yana fitowa a jikin na tagulla ware shi daga sauran nan take don yana ci gaba da ci.

Ya zan adana su ba tare da na sayi album mai tsada ba?

Abokan gabarsu uku ne, laima da gumin hannu da gogayya da juna. Riƙe kwabo ta gefe-gefe da yatsa biyu, kar ka dangwala yatsa a fuskarsa, shatin yatsa a kan tagulla mai sheƙi ba ya fita. Kowanne ya samu ɗakinsa, ka yanka farar takarda ka naɗe 'yar ambulan ƙarama, ka rubuta ƙasa da shekara da inda ka samo a bayanta kafin ka saka kwabon. In ka samu kwalin nan mai tagar leda da ake ninkewa a danne da sitefula ya fi, sai dai ka danne ƙafar sitefular da filaya kar ta karci na kusa.

Leda mai taushi mai warin roba irin ta bangon katin shaida ka guje ta, in ta daɗe da zafinmu tana fitar da wani kore mai danƙo a jikin ƙarfe. Sai ka jera su a roba mai murfi ka jefa 'yan ƙunshin nan na tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi ko na magani, ka riƙa canza su in damina ta shigo, kuma kar a ajiye a ƙasa ko jikin bangon da yake jiƙa. Na 1991 sun fi kowa saurin tsatsa don baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi a sama, da zarar rufin ya karce shikenan.

Akwai jabu? Ya ake gane su?

Na araha ba wanda zai ɓata lokaci ya yi jabunsu yanzu, matsalar tana wajen azurfa. Kayan aikinka uku: maganaɗisu, sikelin 'yan gwal, da gilashin masu gyaran waya. Azurfa ba ta kama maganaɗisu, in ya kama an gama magana, amma rashin kamawa ba ya nufin azurfa ce don dalma da tagulla ma ba sa kamawa, sai ka auna ka gwada da nauyin da aka kawo a tambayar azurfa. Wanda ya sha hannu zai ɗan ragu kaɗan, in ya ragu da yawa ko ya ƙaru ajiye musu kayansu. Da gilashi kuma duba ko akwai ƙananan ƙuraje da ramuka a fili ko layin haɗi a gefe, alamar zubi ne aka yi a tukunya.

Akwai kuma tsohon jabu na zamanin Turawa, an yi jabun sule sosai a lokacin har a 1938 aka fito da sule da dala masu kwari a gefe don a wahalar da masu yi. In irin wannan ya faɗo hannunka kar ka yar, rubuta jabu a ambulan ɗinsa ka ajiye gefe, shi ma tarihi ne.

An ce min kwabo mai huda ana sayensa miliyoyi, wai akwai sinadari a ciki, haka ne?

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma mutane da yawa sun yi asara a kanta. Kwabon nan jan ƙarfe da nikel ne ko tagulla, an buga miliyoyinsa, ba ya jan shinkafa ba ya tsayar da agogo kamar yadda ake yaɗawa. Yadda 'yan damfarar suke yi, wani zai ce yana da Bature mai saye, sai ka biya kuɗin rajista ko na gwaji ko na takardar fitarwa, ko kuma ɗaya ya zo neman kwabon da tsada ɗayan ya ɓullo yana sayarwa ka saya don ka ci riba duka su ɓace. Duk mai sayen gaskiya shi ne yake biyanka, ba ka biyansa ko sisi.

Kuma tun yanzu ka sani tarin nan ba hanyar arziki ba ce, na azurfa suna riƙe darajar azurfarsu, sauran kuwa in ka mayar da kuɗinka ka gode Allah.

Doka ta yarda a sayi kuɗi da kuɗi?

Waɗanda aka daina karɓa, na Turawa da na 1959 da ƙananan kwabban da aka janye a 2007, kayan tarihi ne kawai. Amma kwabo 50 da naira 1 da naira 2 na 2006 har yanzu halastattun kuɗi ne ko da ba mai karɓarsu a kasuwa, kuma sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya hana tallan naira da sayar da ita da lalata ta, hukuncin ɗaurin aƙalla wata 6 ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. To waɗannan ukun ka nema a banki a kan darajarsu ko wani ya ba ka kyauta, kar kuma ka huda ko ka narkar.

Ni a Nijar nake, ya nawa saitin zai kasance?

Naka ma ya fi sauƙi don rabinsa yana cikin canjin da ake ba ka a kasuwar Maraɗi ko Damagaram. Jera tamma wato faran 1, dala wato faran 5, dala biyu, dala biyar, dala goma, dala ashirin, sai 200 da 250 da 500, tara ke nan. Tammar ce za ta ba ka wahala don ta daɗe da ɓacewa a hannun mutane, 250 mai kala biyu ta 1992 ma ba kullum ake ganinta ba, 200 da 500 kuwa daga 2003 suka fito. Duka akwai alamar nan mai kama da kifi mai zarto, daga ma'aunin zinaren mutanen Akan aka ɗauko ta, kuma kuɗin ƙasashe 8 ne don haka ba za ka ga sunan Nijar a jiki ba. Dala biyu da dala biyar suna da tsohon zane mai kan barewa da sabo na farkon shekarun 1980, a dala biyu mutane ne suna ɗibar ruwa a famfo.

In kana son ka koma baya nemi faran 1 da 2 na alminiyam na 1948 na zamanin Faransa. Sefar Chadi da Kamaru kuma daban take da taku, bankinsu daban zanensu daban, saiti ne mai zaman kansa kar ka cakuɗa.

Riyalin Mariya Tereza da wuri da kuɗin Biyafara fa, suna cikin saitin?

Ba sa cikin 19 ɗin, amma in ka gama za ka iya buɗe musu shafi. Wuri ai shi ne kuɗin kakanninmu kafin anini kuma yana nan a kasuwa da araha, 'yan ƙwayoyi sun isa. Riyalin kuwa babbar azurfa ce ta Ostiriya mai giram 28 da ɗoriya da fatake suka riƙa shigowa da ita ta Sahara har Borno da Kano, kusan duk wanda za ka gani 1780 ce a jikinsa don an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har zamanin nan, to kar a sayar maka da shi a kan wai ya shekara 200, kuɗin azurfarsa za ka biya da ɗan ƙari. Jabunsa ya yi yawa ƙwarai, auna kafin ka biya. Na Biyafara na 1969 alminiyam ne, taro da sule da sule biyu da rabi, sun fi na tarayya tsada, bari sai idonka ya buɗe.

Akwai zakka a kan tarin nan?

Na tagulla da nikel da ka ajiye don sha'awa ba don kasuwanci ba, ba su ne abin dubawa ba, azurfa da zinare su ne. Nisabin azurfa dirhami 200 ne, wajen giram 595, riyali ɗaya kuma tsantsar azurfar da ke cikinsa ta ɗan haura giram 23, ka ga sai ka tara wajen 25 kafin su kaɗai su kai, sai dai ana haɗa su da sauran kuɗin da mutum ya mallaka. Sayen azurfa kuma hannu da hannu ake yi, ba a karɓa yau a biya wata mai zuwa. Ka kai wa malamin unguwarku lissafinka ya duba maka.

Na samu iri ɗaya har guda goma, me zan yi da ragowar?

Zaɓi wanda ya fi kyau ya shiga saiti, ragowar su ne jarinka na musaya. Wanda yake Nijar yana neman kwabo 25 mai dalar gyaɗa kai kana neman 250 mai kala biyu, alhazai suna dawowa da halala ta Saudiyya, 'yan'uwa na Kumasi da Accra suna da na Nkrumah na 1958, sai ku yi ba ni gishiri in ba ka manda ba tare da kuɗi ya fita ba. Ka ɗauki hoton gaba da baya da rana a inuwa kafin ka tura wa mutum, in akwai karce ka nuna masa, shi ma ka nemi ya yi maka haka.

Ka kuma buɗe littafi ko fayil a waya ka riƙa rubuta kowanne da ranar da ya shigo da nawa ka biya da wajen wa, wanda kaka ta ba ka ka rubuta sunanta da garin da ta kashe irinsa, irin wannan ba a sa shi a musaya ko da ka samu wanda ya fi shi kyau. In ragowar sun yi yawa haɗa ƙaramin saitin 1973 guda biyar ka ba wani yaro a gida ko malamin tarihi na makarantar unguwa, in kuma hanya ta kai ka Abuja akwai gidan tarihin kuɗi a hedikwatar Babban Banki, ka tuntuɓe su tukuna kan yadda ake shiga, ka tafi da takardar jerinka ka gwada da abin da suka baje.